Tsutsar masara a Garwa da kewaye: maganin kanti, dogon-yaro ko hannu?

Wata Lahadi cikin watan Maris, a kasuwar Pitowa, na iske ɗan kawuna tsaye gaban teburin mai maganin feshi, ƙunshi biyu a hannu, ya rasa wanda zai mayar. Kar biyu na masara, wato rabin hekta, gare shi a bakin Binuwai, noman rani, kuma tsutsa ta fara kankare masa ganye. Muna gama gaisawa ya ce, "Yaya, sa mini baki. Mai tebur ya ce in ɗauki wannan garin maganin, maƙwabcina ya ce ragowar maganin auduga ya isa, Inna kuma ta ce in bar ɓarnar kuɗi in zuba toka." Na ce kafin mu zo kan magani, yaushe ka fara ganin ɓarnar? Ya ce tun Talata. Na ce to ka riga ka ba ta kwana biyar kyauta, kuma kwana biyar a zafin Maris kusan rabin rayuwarta ne.

Duk ukun da suka ba shi shawara suna da gaskiyarsu. Abin da babu wanda ya tambaye shi a cikinsu shi ne watan da ake ciki, alhali a kan wannan tsutsa wata ne ke faɗin yawan kwanakin da suka rage wa manomi.

Yadda zafi ke tafiyar da ita

Malaman gona a nan suna ce mata chenille légionnaire, sunanta na kimiyya kuma Spodoptera frugiperda. Baƙuwa ce daga nahiyar Amurka. A farkon 2016 aka fara tabbatar da ita a Afirka, a Najeriya da maƙwabtanta, cikin shekara biyu ta bazu a yawancin ƙasashen kudu da Sahara, har da mu a Kamaru da Cadi. Uwarta wani malam-buɗe-littafin dare ne mai ruwan toka, wanda ke iya cin kilomita 100 a dare ɗaya idan iska ta taimaka masa. Macen tana zuba ƙwai dunƙule-dunƙule a jikin ganye, 100 zuwa 200 a wuri guda, ta lulluɓe su da wani gashi-gashi kamar ƙurar auduga. A 'yan kwanakin da take yi a duniya takan zuba sama da 1,000. Mai son tabbatar da cewa ita ce ya dubi babbar tsutsar: a goshinta akwai zane kamar harafin Y a kife, kusa da wutsiya kuma ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i.

Ba ta da ɗumin jiki na kanta. Abin da rana ta ba ta, da shi take girma. Masu bincike a Afirka ta Kudu sun yi kiwonta a ɗaki mai tsayayyen zafi, suka buga sakamakon a 2020. A digiri 18, daga ƙwai zuwa sabuwar uwa ta ɗauki kusan kwana 70, kuma da yawa sun mutu a hanya. A digiri 32, kusan kwana 20 ta yi. Zaman tsutsa kawai, wato lokacin da take ci mana ganye, ya sauko daga wajen kwana 34 zuwa kwana 10 da 'yan kai. Inda ta fi jin daɗi shi ne tsakanin digiri 26 da 30. Ƙasa da wajen digiri 12 girmanta yana tsayawa cak, kuma ba ta san kwanciyar jiran shekara ba, shi ya sa a can Amurka kudancin Fulorida da Teksas kaɗai take tsallake hunturu. Mu a nan ba mu da sanyin da zai share mana ita.

Sau shida take canza girma. Ukun farko, lokacin tana ƙarama kamar zare zuwa tsawon ƙwayar shinkafa ko fiye kaɗan, tana fili a kan ganye tana kankare shi, kuma abin da take ci bai taka kara ya karya ba. Daga nan ta shige cikin mazurarin masara, wato naɗin sabon ganye da ke tsakiya, ta toshe bakinsa da kashinta mai kama da dusa. Matakin ƙarshe shi kaɗai yana cin sama da kashi uku cikin huɗu na duk abin da za ta ci a rayuwarta. Shi ya sa manomi zai ce "cikin dare ɗaya aka cinye mini gona", alhali mako guda ke nan tana wurin. Idan ta ƙoshi sai ta sauka ƙasa, ta nutse 'yan santimita, ta kwanta kamar kwana takwas ko tara a lokacin zafi, ta fito da fuka-fuki.

Waɗannan matakai uku na farko su ne damar manomi. A digiri 25 kwana shida ne zuwa bakwai. A 30 ko sama, huɗu zuwa biyar. A wuri mai sanyi na gaske suna iya kai mako biyu.

Kada sanyin asuba ya ruɗi mutumin Garwa. A Disamba da Janairu muna sa rigar sanyi da safe saboda dare yana sauka wajen digiri 17 ko 18, amma da rana ana haura 30 nesa ba kusa ba, kuma tsutsa da tsaka-tsakin take aiki. Hunturunmu kwana biyu ko uku yake ƙara mana. Marwa da Injamena sun ɗan fi mu sanyin dare. Wanda ke cin ribar sanyi sosai shi ne mutumin Gaundare da tsaunin Adamawa, sama da mita 1,000 daga teku. A ɗaya gefen, zafin Afrilu da ke kai digiri 40 yana kashe wasu ƙwai da ƙanana, yana kuma rage haihuwa, amma cikin mazurarin masarar da aka yi wa ban-ruwa jiya akwai laima da inuwa, ga dare mai ɗumi da ita ke so. Ban taɓa ganin bazara ta yi wa kowa feshi kyauta ba.

Masarar kwana 90 zuwa 110 ke nan za ta iya ganin uwa, 'ya da jika a lokacin zafi, har da tattaɓa-kunne idan aka yi rashin sa'a.

Abin da nake auna kowace hanya da shi

Na farko sauri: kwana nawa daga ranar da ka ga ɓarna zuwa ranar da tsutsa ta daina ci, har da lokacin nemo kayan. Mutane suna manta wannan na ƙarshe. Wanda ya gani Litinin, kuma kasuwarsa sai Lahadi, ya fita daga lissafi a watan Maris.

Na biyu juriyar maganin kansa. Ranar da ke gaggauta tsutsa ita ce ke kashe ƙarfin abin da muke fesawa, a kan ganye da kuma a kan teburin mai sayarwa.

Na uku kuɗi, kuma a nan kada a tsaya kan farashin ƙunshi ɗaya, wanda yake canzawa daga kasuwa zuwa kasuwa. Kar ɗaya, wato rubu'in hekta, yana shan goyo uku zuwa huɗu na famfo mai lita 15 idan masara ta kai gwiwa. Ka ninka da yawan feshin da za ka yi, ka ƙara ladan mai feshi idan ba kai ba ne.

Na huɗu hannu: mutum nawa, awa nawa. Na biyar haɗari ga mai feshi, da yara, da dabbobin da za su ci karan, da kifin kogi, da ƙwarin da ke taya mu yaƙin.

Kafin duk wannan akwai duban gona, wanda bai cin ko dala. Ka ratsa gonar a karkace, ka tsaya wuri biyar, ka duba tushe goma a kowane wuri. Idan masara ƙarama ce kuma 10 cikin 50 suna da sabuwar ɓarna, lokacin tashi ya yi. Idan ta girma ta kusa fitar da fure, sai abin ya kai wajen 20 cikin 50, domin masarar da ta ci taki ta sha ruwa tana maye ganyen da aka ci fiye da yadda ido ke zato. Daga Maris zuwa Yuni nakan duba duk bayan kwana uku. A hunturu sau ɗaya a mako ya ishe ni.

Garin emamectine

Sunayen kanti suna da yawa, don haka ka nemi inda aka rubuta emamectine benzoate a jikin ƙunshin. A cikin abin da talaka zai samu a kasuwanninmu, shi na fi yarda da shi idan lokaci ya ƙure. Ta ciki yake kama tsutsa: ta ci ganyen, cikin 'yan awoyi ta daina ci, ta mutu bayan kwana biyu zuwa huɗu. Wannan jinkirin yana sa wasu su ce maganin bai yi ba, su sake fesawa washegari, asara biyu. Abin dubawa shi ne sabon kashi a mazurari. Idan dusar ta bushe kuma babu ɗanya, aiki ya ci.

Hasken rana yana lalata abin da ya tsaya a saman ganye da wuri, amma wanda ya ratsa cikin ganyen yana ɗan daɗewa. Saboda haka feshin bayan la'asar sakaliya ya fi, lokacin da rana ta yi sanyi, iska ta kwanta, tsutsa kuma ta fara leƙowa neman abinci. A karkata bakin famfo cikin mazurari, tushe bayan tushe. Feshin da ake yi ana tafiya ana kaɗa sanda a sama kamar ana korar kaji, rabin kuɗinsa ƙasa ke sha.

Shi ya fi tsada a ƙunshi cikin waɗanda zan ambata, amma sau biyu a kan kari sun fi sau biyar na abin da bai aiki. Haɗarinsa: guba ne ga kifi da ƙudan zuma, don haka ba a wanke famfo a kogi ko a magudanar ban-ruwa, ba a kuma fesawa masara na cikin fure. Mai sayar da ɗanyar masara ga masu gashi ya karanta kwanakin jira da aka rubuta a ƙunshin, ya cika su. Sannan tsutsar da ke sabuwar haihuwa duk bayan mako uku ko huɗu tana saurin sabawa da magani. Wanda ya fesa shi sau biyu a jere ya canza zuwa wani abu a karo na uku.

Akwai kuma jabu da wanda ya mutu a tebur. Na taɓa sayen ƙunshi huɗu a hannun wani mai yawo da kaya a bayan babur, rubutun jikinsu har ya koɗe don rana. Arha ta ja ni. Na fesa, na jira kwana uku, na buɗe mazurari na tarar da ita ta yi ɓul-ɓul kamar na ba ta abinci. Tun ranar nake duba kwanan wata, nake kuma sayen wanda aka ɗauko mini daga cikin shago.

Ragowar maganin auduga

A ƙasar da kamfanin auduga na SODECOTON ya daɗe yana aiki, da wuya ka shiga gidan manomi ka rasa ragowar kwalba a rataye. Wannan ne ke sa hanyar ta yi daɗin baki: kuɗi ya riga ya fita. Sai dai kwalaben ba iri ɗaya ba ne, kuma waɗanda suka fi yawo a kasuwa su ne masu cyperméthrine ko lambda-cyhalothrine. Tsutsar ta iso Afirka ne bayan kakanninta sun shekara da shekaru suna shan irin waɗannan a gonakin Amurka, kuma wurare da yawa manoma sun ga ba sa kashe babba. Ta taɓawa suke aiki, ita kuwa tana ƙarƙashin dusarta. Ƙari a kan haka, irin wannan dangin magani ƙarfinsa yakan ragu idan zafi ya yi yawa, wato yana gazawa daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Abin da yake kashewa ba kuskure shi ne masu taimakonmu: tururuwa, tsatso, gizo-gizo, da ƙananan zanzaro masu zuba nasu ƙwan a cikin ƙwan tsutsa. Gonar da aka share waɗannan, idan sabuwar uwa ta sauka da dare ba ta samun mai tare ta.

Sai batun na'ura. Ƙaramin injin batir mai juyawa da aka saba da shi a auduga yana watsa hazo ne iska ta ɗauka. A ganyen auduga ya yi daidai, a mazurarin masara kaɗan ne ke shiga. Kuma auduga ba a gasa ta a ci. Kwalbar da ba a rubuta masara a jikinta ba, ni dai ba na kai ta gonar da 'ya'yana za su karyi goyo.

Idan tsutsa ba ta wuce kwana biyu da ƙyanƙyashewa ba, kuma babu komai a hannu sai shi, zai rage ta. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

'Ya'yan dogon-yaro

Itacen da Fulani maƙwabtanmu ke ce wa ganye, wanda ya yi wa titunan Marwa da Garwa rumfa. Ƙarfin yana cikin ƙwallon. Ganyen ma ana jiƙawa, amma bai kai ba. A tsince 'ya'yan da suka nuna suka zubo, a wanke ɓargon, a shanya a inuwa, a ajiye cikin buhun da iska ke shiga don kada su yi fumfuna. Ranar bukata a fasa, a daka ƙwayar, gram 50 ga kowace lita, wato gram 750 ga goyo ɗaya, kimanin kilo uku ga kar. A ƙulle garin a tsumma a jiƙa ya kwana, a matse, a tace sosai don kada ya toshe famfo, a narka ɗan sabulu a ciki don ya kama ganye. A fesa a ranar, da yamma. Turmin da aka daka shi kuwa kada a yi kuskuren mayar wa uwargida, sai an yi mako ana jin ɗaci a tuwo.

Ba ya kashewa nan take. Yana kashe wa tsutsa sha'awar ci, yana kuma ɓata mata saɓar fata, ta kasa wucewa mataki na gaba. A nan zafi yana da fuska biyu. Tun da a bazara duk kwana ɗaya da rabi ko biyu take saɓa, sakamako yana fitowa da wuri. Amma rana tana cinye ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, don haka sai an maimaita duk bayan kwana biyar zuwa bakwai, a tsakiyar damina kuma ruwan sama na iya wanke shi a daren da aka fesa. A kan babbar tsutsa mai kaurin yatsan yaro, wahala ce kawai.

Kuɗinsa gumi ne, sai sabulu. Haɗarinsa kaɗan, kuma yana barin yawancin masu taimako da rai. Gazawarsa ɗaya ce babba: ba a fara neman ƙwallon dogon-yaro ranar da aka ga tsutsa. Wanda bai tara tun da wuri ba, tsinta da shanya da daka da jiƙo za su cinye masa kwana biyar ɗin nan duka.

Akwai kuma maganin da ake yi da ƙwayar bakteriya mai suna Bt, wanda bai cutar da mutum ko dabba. Ƙananan tsutsa kaɗai yake kamawa, rana na kashe shi da sauri, ajiya a ɗaki mai zafi na rage shi, kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Wanda ya samu sabo ya ɗauke shi a sahun dogon-yaro.

Hannu, toka da yashi

Hanyar Inna. Da sanyin safiya a bi layi, a juya ganye, a murtsuke dunƙulen ƙwai da yatsa. Dunƙule ɗaya tsutsa ɗari ko ɗari biyu ne da ba za su taɓa cin komai ba, kuma babu maganin kanti da ya kai wannan riba. Sai dai a zafi ƙwai kwana biyu ko uku yake yi ya fashe, don haka wanda ke zagayawa sau ɗaya a mako yawancinsu sun riga shi. A sanyin tsauni yakan kai kusan mako.

Inda wannan hanya ta fi kowace shi ne kan babbar tsutsa, wadda feshi ya gaza. A matakin nan suna cin junansu, shi ya sa sau da yawa ɗaya ko biyu za ka tarar a mazurari. Ka buɗe a hankali ka zaro ta da tsinke, ko ka matse ta a ciki. Wasu suna zuba ɗan yashi ko busasshiyar ƙasa, wasu su haɗa da toka. Yana aiki wani lokaci, wani lokaci a'a, kuma tokar da ta yi yawa tana ƙona ƙaramar masara, musamman da rana tsaka. Tsunkule ɗaya ya isa.

Yanzu lissafi. Idan ka shuka santimita 80 tsakanin layi, 25 tsakanin tushe, kar ɗaya yana da tushe 12,500. Ba kowanne daƙiƙa uku kacal, ka haura awa goma, ba hutu ba salla. Sau biyu a mako a lokacin zafi. Ga gida mai yara biyar da ɗan fili a bayan danga, wannan aikin hantsi ne. Ga mai kar huɗu da zai biya 'yan ƙwadago, ya fi maganin kanti tsada.

Zaɓen lokacin shuka

Wannan ba ya ceton gonar da ke tsaye yau, amma shi ne mafi arha ga ta gaba. A damina, wanda ya shuka da ruwan farko mai ƙarfi, tare da maƙwabtansa, masararsa tana wuce ƙuruciya kafin uwayen su yi yawa. Wanda ya makara da wata guda, gonarsa ce ɗanyar da ta rage a unguwa, kuma duk abin da gonakin farko suka haifa kanta zai sauka. Ruwan Agusta mai ƙarfi yana taimakawa, yana kakkaɓe ƙananan yana nutsar da wasu a mazurari. Abin tsoro shi ne fashin ruwa na kwana goma a Yuni ko farkon Yuli: rana ta buɗe, zafi ya dawo, masara ta tsaya, tsutsa ta ci gaba.

A rani, daga ƙasan madatsar Lagdo zuwa bakin Logon, shukar Nuwamba tana samun 'yan kwanakin rangwamen hunturu lokacin da take ƙarama. Shukar Fabrairu kuwa ƙuruciyarta na faɗawa Maris, furenta na faɗawa Afrilu, inda zafi da bushewar iska ke iya kashe garin furen ma, goyo ya fito da giɓi. Mutane suna yin ta ne don ɗanyar masara na tsada a lokacin, kuma hujja ce mai kyau, amma a sa kuɗin feshi biyu ko uku a lissafi tun ranar sayen iri. Cuɗa masara da wake ko gyaɗa ma yana ɗan rage ɓarna.

| Hanya | Sauri | Juriyar rana | Kuɗi | Hannu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Emamectine | Ci ya tsaya a rana ɗaya | Matsakaici, a fesa da yamma | Mai tsada | Kaɗan | Kifi, zuma, jabu, sabo |
| Maganin auduga | Sauri kan ƙanana, rauni kan manya | Yana raguwa a zafi | Arha | Kaɗan | Babba |
| Dogon-yaro | Kwana biyu zuwa huɗu | Kaɗan, sai maimaici | Kusan babu | Da yawa | Kaɗan |
| Hannu da toka | Nan take | Bai shafe shi ba | Babu, sai da 'yan ƙwadago | Mafi yawa | Ƙunar toka |
| Lokacin shuka | Sai shuka ta gaba | Bai shafe shi ba | Babu | Babu | Yankewar ruwan farko |

Wa ya ɗauki wanne

Mai kar ɗaya ko fiye na noman rani wanda masararsa ke ƙarama tsakanin Maris da Mayu, ya sayi emamectine tun ranar shuka ya ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, nesa da yara. Ya duba duk kwana uku, ya fesa a yammacin ranar da ƙidaya ta cika. Idan yana da dogon-yaro a ajiye, ya sa shi tsakanin feshi da feshi, kuɗi ya ragu, tsutsa kuma ba ta saba ba.

Mai shukar Nuwamba a Garwa, Marwa ko Injamena yana iya farawa da dogon-yaro da hannu, ya bar na kanti a matsayin makamin ƙarshe. Mutumin Gaundare ya fi kowa sararin yin haka, domin ko ya jira ranar kasuwa, mai yiwuwa ya dawo ya same ta ba ta shige ba.

Mai gonar damina da ya shuka da wuri, ya fi sa ido a makonni huɗu zuwa shida na farko da kuma duk lokacin da ruwa ya yi fashi. Idan sama na zuba duk bayan kwana biyu kuma ƙidaya ba ta cika ba, kuɗin maganin ya fi amfani a buhun taki. Matar da ke da 'yan layuka a bayan gida, inda kaji ke kiwo yara ke wasa, ba ta da abin yi da kwalba: yatsa, tsinke da tsunkulen yashi sun ishe ta.

Sai wanda ya makara, irin ɗan kawuna. Da muka je gonar da yammacin ranar, mun buɗe tushe 50, muka sami ɓarna a 19. Wasu tsutsotsin sun riga sun kai tsawon gaɓar yatsa sun shige, amma a layukan da ke kusa da ruwa, waɗanda ya shuka daga baya, ƙananan ne birjik a kan ganye. Ya mayar da kwalbar audugar da maƙwabcin ya ara masa, ya fesa garin a cikin mazurari kafin magariba. Washegari da asuba Inna ta fito da jikokinta uku, kowa da tsinkensa, suka bi manyan layi-layi, tokar kuma ta haƙura ta rage ta zuwa tsunkule bayan ta ga tushe biyun da ta ƙona. Ranar Laraba ya kira ni ya ce dusar ta bushe, amma ya ga sababbin dunƙulen ƙwai a gefen gabas, wajen gonar maƙwabcin. Na ce ya murtsuke waɗanda ya gani, ya sake ƙidaya ranar Asabar.